Takalmin Ƙarfe a Ɗakin Hajiya

Gwiwar 'yata ce ta tona asirin. Wata Asabar da hantsi ina mata wanka, na ɗaga ƙafarta zan cuɗa, sai na ga gwiwoyin sun yi baƙi, sun yi kanta. Na goga da soso, na sake gogawa, har ta ce min da zafi. Ba dauɗa ba ce, fata ce ta yi tauri saboda jan ƙasa. Na saki soson a cikin bokiti na zauna ina kallonta. Wata uku ke nan da aka yi mata takalmin ƙarfe, kuma yarinyar da ke wuni da shi a ƙafa ba ta da hanyar jan gwiwa a ƙasa ko da ta so.

Bari in ɗan koma baya. Bakwaini na haife ta, 'yar mitsitsiya, kuma tun tana jaririya likita ya gaya mana cewa jijiyoyin ƙafafunta za su riƙa ɗaurewa, amma hankalinta lafiya lau. Haka kuwa aka yi. Wuyanta bai tsaya ba sai da ta kusa shekara. Zama a cikin bahon wanki ta koye shi, na kewaye ta da filo da tsofaffin zannuwa, ina girki ina leƙa ta. Ranar da ta zauna ba jingina tana da shekara biyu da 'yan watanni, na yanka kaza na dafa shinkafa kamar ana suna. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta tambaye ni me aka samu, na ce mata an samu zama. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake.

Baki kuwa ba a magana, ya riga ƙafa yin nisa. Wannan nawa ta ɗauko, kowa ya shaida. Ni 'yar Awe ce, a gidan masu dafa gishiri na tashi, inda mata ke magana da ƙarfi a bakin murhu, kuma abin da ke cikin mutum shi ne a bakinsa. Da na yi aure a Lafia na koyi rage murya, amma ban ce na ƙware ba.

Masu ba da shawara ba su bar mu mun huta ba. Wannan ta ce a haƙa rami a binne ta zuwa ƙugu da sassafe, waccan ta ce a shafa mata man kaza a gasa da ganyen kaza. Ba zan yi ƙarya ba, na gwada wasu. Da na ga ba abin da ya ƙaru sai kuka da ƙaiƙayi, na tattara na koma ɗakin gashi na asibiti, duk ranar Talata. A can na haɗu da matar da ke lanƙwasa ƙafafun yara tana miƙarwa. 'Yar Eggon ce, gajera mai ƙarfin hannu, Hausarta ta kasuwa, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ka" ne a wurinta. Ita ta sa aka auna 'yata aka yi mata takalmin. Bai yi kama da takalmin kowa ba: sandunan ƙarfe biyu ne a kowace ƙafa, sun taso daga tafin har saman gwiwa, da maɗauran fata guda uku. Ta kuma zana wani keke a takarda, mai ƙafa huɗu da taya biyu a gaba, na kai wa mai walda ya haɗa daidai tsayin hannun yarinyar.

Ranar da aka fara ɗaura mata tana da shekara huɗu. Matar ta tsayar da ita, ta ɗora hannayenta a kan keken, ta janye nata a hankali. 'Yata ta tsaya. Ƙafafun na rawa, ido ya fito waje, amma ta tsaya. Na ƙirga a zuciyata har goma sha biyu kafin ta zube a jikin matar. Na fita baranda na yi kukana mai isata, na share fuska na dawo kamar ba ni ba. Matar ta kafa min doka: a sa da safe, kada a cire sai la'asar, a riƙa barinta tana tsayuwa tana tura keken. Ta ce agarar bayan ƙafar ce ke son gajarta, idan aka bar ta ta gajarta diddige ba zai ƙara taɓa ƙasa ba.

To ni malamar firamare ce, makarantarmu tana kan hanyar Obi. Mijina doya yake saye a ƙauyuka yana lodi zuwa kudu, sai ya yi sati ba ya gida. Muna zaune a Akurba, mahaifiyarsa kuma tana cikin gari, a tsohon gidansu. Saboda haka kullum da safe sai in ɗaura wa yarinyar takalminta, in goya ta ƙarafan na sukar haƙarƙarina, mai okada ya ɗora keken a gabansa, mu sauka a gidan Hajiya. Hajiya ciwon gwiwa ya zaunar da ita, ba kasafai take fita daga ɗakinta ba. Yayar mijina, wadda ta dawo gidan bayan rasuwar mijinta, ita ke tarar mu a tsakar gida. Ni ina ce mata Yaya, yara na ce mata Gwaggo. In kwance goyo in miƙa mata, in ajiye keken, in gaida Hajiya daga bakin ƙofa, in ruga don kada in makara.

Dole in faɗi wace ce Hajiya a wurin 'yata, don kada a ɗauka muguwar tsohuwa ce. Lokacin da aka sallamo mu daga asibiti da jaririyar da kowa ke tsoron ɗauka, ita ta ce a ba ta. Ta naɗe ta da auduga, ta jera kwalaben ruwan ɗumi a gefenta, ta yi wata biyu ba ta bari ko iska ta taɓa ta. Da wata 'yar uwarsu ta zo ta dubi yarinyar tana shekara ɗaya ba ta zama, ta ce ai wannan 'yar ruwa ce, a kai ta bakin rafi ta koma inda ta fito, Hajiya ta ce a ɗauko wa matar takalmanta, ta gama ziyara. Har yau matar ba ta sake taka gidan ba. "Ƙawata" Hajiya ke kiran 'yata, ita ma haka take kiranta. Su wuni suna hira kamar sa'o'in juna, suna gulmar Gwaggo a gabanta.

Sai dai ɗakin Hajiya yana da doka guda, ba a shiga da takalmi. Jan kafet ne malale daga bango zuwa bango, mai laushi, kuma ko'ina a kansa wurin sallarta ne, inda lokaci ya same ta nan take tayarwa a zaune. Ɗanta ma a waje yake tuɓewa. Mai zuwa yi mata allura ma haka. Kullum bakin ƙofar cike yake da silifa. Na san wannan dokar tun ina amarya, kuma wallahi ko sau ɗaya ban kawo a raina cewa za ta hau kan takalmin da likita ya rubuta ba. Wannan wautata ce, na amsa.

A ranar Asabar ɗin nan, bayan na shafa mata mai, na ɗauko takalmin na kifa shi. Tafin kamar jiya aka fito da shi daga shago. Na zaunar da ita a cinyata.

"Gaya min gaskiya, a gidan Hajiya kina sa takalminki?"

"A'a. Gwaggo tana cirewa in kin tafi."

"Saboda me?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar yara. "Umma, ba a shiga ɗakin Hajiya da takalmi. Ke ma kin sani."

"Keken fa?"

"Ana shanya a kai."

Ashe da na juya baya sai a kwance maɗauran a jingine ƙarafan cikin silifan baƙi, a shigar da ita ta wuni tana jan gwiwa a kan kafet. In an yi kiran azahar Yaya ta mayar mata kafin in iso. Sai a lokacin na gane wani gyambo da ya taɓa fito mata a idon sawu, wanda na yi ta zagin mai haɗa takalmin a kansa, bawan Allah. Na hagu aka sa mata a dama ranar, suna sauri.

Ranar Talata matar ɗakin gashi ta kama tafin ƙafar ta danna sama, ta sake dannawa, yarinyar ta ƙwalla ƙara. Ta ɗago ta harare ni.

"Madam, wannan ƙafa ya koma baya. Yarinya nan ba ya sa takalmi."

Na fara kame-kame, ta katse ni.

"Abeg, kar ka yi min dogon labari. Ni ƙafa nake tambaya, ƙafa ya gaya min. Na ba ka wata ɗaya. In diddige bai sauka ba, zan tura ka wurin masu wuƙa, su yanka agara su ƙara shi. Ka ji ko?"

Na ji. Tun daga asibitin har gida kalmar wuƙar nan ce ke min yawo a kai. Na tsorata, kuma na fusata, ban san wanda ya fi yawa ba.

Duk da haka na bi ta hanyar da ta dace. Suruka ba ta tunkarar uwar miji da ƙorafi, ɗanta ake turawa. Na jira mijina ya dawo, na bari ya ci abinci, na zayyana masa komai har da wuƙar. Ya yi salati, ya ce gobe zai je. Ya je ya dawo fuska a sake, ya ce min Hajiya ta ce to. Ni kuwa na san "to" ɗin Hajiya. Tana da "to" na yarda, tana da "to" na na ji ka tashi ka ba ni wuri, kuma ɗanta shekara arba'in bai iya bambance su ba. Washegari da yamma na tambayi yarinyar, ta ce an cire.

Sai na ce bari in yi dabara. Na yanka wata tsohuwar atamfa na ɗinka wa takalman riguna, da roba a baki, yadda za a zura musu a bakin ƙofa, tafin ba zai taɓa kafet ba. Na kai wa Yaya na nuna mata yadda ake sawa. Ta juya su, ta yaba ɗinkin, ta ce ashe na iya keken ɗinki haka. Da na dawo ɗaukar yarinya na hango su a kan taga an danne da dutse. Yaya ta ja ni gefe ta ba ni saƙon Hajiya, murya ƙasa-ƙasa. Wai takalmi ko an sa masa riga sunansa takalmi. Wai kuma ita ba za ta iya kallon ƙarfe yana cin ƙafar ƙawarta ba, yarinya ƙarama an ɗaure ta kamar mai laifi. A bar ta ta huta, ranar da Allah ya nufa za ta tashi.

Na ce, "Yaya, kin gaya mata maganar yankan?"

Ta ce, "Haba ƙanwata, ai likitoci haka suke tsorata mutane."

 Na goya 'yata muka tafi. Washegari mai okada ya nufi cikin gari kamar kullum, na ce masa ya miƙe hanyar Obi.

Kwana tara ina zuwa aji da ita. Na ajiye ta a bayan aji da kekenta, tana tsayuwa tana zama, tana amsa tambayar da na yi wa 'yan aji uku tun kafin su ɗaga hannu. Takalmin dai ya wuni a ƙafarta, wannan na samu. Amma abin bai zo da sauƙi ba. Banɗakin makarantar yana can ƙarshen fili, sai in bar yara arba'in da wani abu in ɗauke ta. Rana ta dake ta a kan mashin zuwa da dawowa har ta fara tari. Hedimasta ya kawar da kai kwana biyar, a na shida ya kira ni ofis ya ce yana tausaya min, amma aji ba gidan raino ba ne. Bai yi ƙarya ba, shi ya sa na ƙara jin haushinsa.

Wanda ya fi damuna shi ne ita kanta yarinyar. Kullum muka wuce kwanar gidan Hajiya sai ta fara dukan bayana. "Ni gun ƙawata zan je." Ta daina surutunta, ta daina cin abinci sosai. Rana ta bakwai ta ce min in cire mata takalmin in jefar, tunda shi ya hana ta zuwa. Wannan maganar ta fi ta wuƙa yi min ciwo.

Hajiya ba ta aiko a tambayi dalili ba. Kunun gyaɗa kawai take aikowa da shi a kwano kullum da yamma, ba saƙo, ba gaisuwa. Dangi kuma suka samu abin yi. Har kasuwa aka tare ni, wai an ji na raba tsohuwa da jikarta saboda na yi boko. Mijina ya kira ni daga hanya, ƙarar mota na cika wayar, ya ce in rufa masa asiri in mayar da yarinya. Na ce zan mayar, amma da ƙafarta za ta shiga. Ya ce me nake nufi. Na ce ya yi lodinsa lafiya.

Ranar Litinin muka sauka a ƙofar gidan da wuri. Ban shiga da ita a goye ba. A zaure na kwance zanin, na tsayar da ita, na ɗora hannayenta a kan keken.

"Za ki je wurin ƙawarki?"

"Eh."

"To ga hanya."

Daga zauren zuwa ɗakin Hajiya bai fi taku ashirin na babban mutum ba. Mun fi minti goma sha biyar a kai. Ta tura keken, ta jawo ƙafar dama, ta tsaya, ta jawo ta hagu. Ƙarafan na ƙara a kan siminti. Matan da ke haya a gidan suka bar wanke-wanke suka miƙe. Yaya ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta ga abin da ake, ta taho da sauri za ta sure ta.

Na ce, "Yaya, kar ki taɓa ta."

Ta tsaya cak. Shekara bakwai da aurena ban taɓa yi mata magana da wannan muryar ba.

Da muka isa bakin ƙofa na ɗauki buta da sabulun da ke gefen rijiya. Na tsuguna na ɗaga ƙafar yarinyar ɗaya bayan ɗaya, na wanke tafin takalman tas, na wanke tayoyin keken da ƙafafunsa na baya. Ban nemi tsumma ba, da gefen mayafina na goge, a gaban kowa, don kada wani ya ce bai gani ba. Na tuɓe silifana na ajiye cikin na mutane. Na yi sallama, na ɗaga labule, na ɗaga gaban keken ya haye dokin ƙofa. 

Hajiya na zaune a ƙasa ta miƙe ƙafafu, ta ba ƙofa gefe, kofin koko a gabanta, carbi a hannu. Ta amsa sallamar ba ta juyo ba. Sai ta ji ƙarar.

"Wa ke ja min ƙarfe a ɗaki?"

Na durƙusa na gaishe ta yadda na saba, na tambayi ƙafa, na tambayi kwana. Ta amsa a gajarce, idonta a kaina, ta ƙi kallon inda yarinyar take. Sai na faɗi abin da na zo faɗa.

"Hajiya, wata guda aka ba ni, saura kwana takwas. In diddigenta bai sauka ba, yanka ta za a yi. Na wanke takalmin, kullum ma zan wanke. In kafet ya ɓaci ni zan goge da hannuna. Amma daga yau ba mai sake cire mata shi. Ba Yaya ba, ba ɗanki ba, ba ke ba."

Na ji Yaya ta yi salati a bayana. Hajiya ta kafe ni da ido.

"A ɗakina kike gaya min haka?"

"A ɗakinki, Hajiya, tunda a nan ake cirewa."

Na san na wuce iyaka. A gidanmu ma da uwata ta ji ni da ta rufe min baki da mari. Amma na riga na auna, tsakanin a ce min marar kunya da a kwantar da 'yata a yanka, na san wanda zan iya ɗauka.

Hajiya ta ajiye carbin. Ta ɗaga hannu za ta nuna min ƙofa, ta juyo, sai idonta ya faɗa kan yarinyar. Tana nan tsaye riƙe da kekenta, zufa na bin wuyanta, tana haki, tana murmushi har kunne.

"Ƙawata, ina kwana? Ba zan iya durƙusawa ba, ƙarfen ba ya lanƙwasuwa."

Hannun Hajiya ya tsaya a sama. Na ga ta ɗaga kai, don daga inda take zaune sai ta ɗaga kai za ta ga fuskar yarinyar. Sai a lokacin abin ya faɗo min: ba ta taɓa ganinta a tsaye ba. Kullum a goye nake kawo ta, a waje ake kwance takalmin, a hannu ake shigo da ita a ajiye a ƙasa. Shekara huɗu tana sunkuyawa tana mata magana.

Ta dube ta daga takalmin har kitson kanta, ta sake dubawa. Leɓenta ya motsa sau biyu kafin magana ta fito.

"Ashe haka kike da tsayi?"

"Tun da azumi," in ji yarinyar. "Ke ce ba ki gani ba."

Hajiya ta miƙa hannu ta taɓa sandar ƙarfen, ta bi ta da yatsa har gwiwa, ta zura yatsan ƙarƙashin maɗaurin tana jin ko ya matse. Ta ce, "Matso nan." Yarinyar ta tura keken, tayoyin suka nutse cikin kafet, ta jawo ƙafa ɗaya, ta jawo ɗayar. Ina durƙushe ina kallo, hawaye na zuba, ban share ba. Hajiya ba ta dube ni ba. Da ta yi magana ma bango ta fuskanta.

"Ke kuma tashi ki tafi aikinki, kin makara."

Na tashi na tafi. A aji ranar ban san abin da na koyar ba. Da na dawo bayan azahar na tarar da takalmin a ƙafarta, kowanne a inda ya dace, kafet kuma ya yi layi biyu daga bakin gado zuwa ƙofa.

Da wa'adin ya cika matar ɗakin gashi ta danna tafin ƙafar, ta daɗe tana dannawa. Ta ce, "Ya sauka small. Ka ci gaba." Ba ta sake ambatar masu wuƙa ba, ni ma ban tuna mata ba. Kafin ƙarshen damina yarinyar tana zuwa bakin rijiya da kekenta ta dawo, tana tsokanar Gwaggo a hanya.

Tsakanina da Hajiya kuwa abu bai koma daidai nan da nan ba. Wata biyu ina gaishe ta tana amsa min da "lafiya" guda ɗaya. Mijina da ya dawo ya ji labari daga bakin mutum biyar kafin ya iso gida, ya zaunar da ni ya ce in je in ba ta haƙuri, ko don a zauna lafiya. Na ce zan durƙusa mata kullum, zan wanke mata kaya, zan yi mata duk abin da 'ya ke yi wa uwa, don ta cancanta. Amma haƙuri a kan wannan maganar ba zan bayar ba, domin in na bayar na ce ke nan da ban faɗa ba ya fi. Ya ce taurin kaina ya yi yawa. Na ce ai bai saye ni a rufe ba.

Wata ranar Juma'a na zo ɗaukar yarinya, ina tsugune a bakin ƙofa ina neman silifana ɗaya da ya shige ƙarƙashin na mutane, sai ga wata baƙuwa daga dangin Hajiya na nesa ta leƙa ɗakin. Ta ga yarinya tsaye a tsakiyar kafet da takalmi, ta riƙe haɓa.

"La ila! Ke, wa ya ce ki hau wa Hajiya wurin salla da takalmi? Zo nan in cire miki."

Na miƙe, bakina ya riga ya buɗe. Muryar Hajiya ta riga ni daga ciki.

"Ke dai cire naki ki shigo. Ki bar mata nata."

Na mayar da bakina na rufe, na ci gaba da neman silifana. Ni da Hajiya har yau ba mu taɓa tayar da maganar ranar Litinin ɗin nan ba. Ba ta ce na yi daidai ba, ni kuma ban ba ta haƙuri ba.